Farautar Abin da Ke Bayan Zuhalu

Malaman da suka biyo fataken goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, waɗanda wasunsu suka yada zango a Didaure ta Sokode har zuriyarsu ta zama 'yan gari, sun zo da ilmin falaki irin na littattafan Larabci, wanda ya kasa taurari gida biyu: sabitai, masu riƙe da matsayinsu a tsakanin 'yan'uwansu, da sayyarai bakwai masu yawo, watau Rana da Wata da Uɗaridu da Zuhura da Marriku da Mushtari, sa'an nan Zuhalu, wanda shi ne iyakar abin da ido ya sani yana tafiya. Galibin binciken da masana suka yi daga baya bisa wannan ƙa'ida ya ginu: a dubi wuri guda a dare biyu, a ga wane ne ya gusa.

Bayan an gano Yuranus a 1781 da Naftun a 1846, sai aikin ya koma na mai haƙuri. Clyde Tombaugh, ɗan manoma daga Kansas wanda aka ɗauka aiki a ɗakin duban taurari na Lowell a Arizona, ya riƙa ɗaukar hoton sama a bisa faifan gilashi, ya sa faifai biyu cikin wata na'ura mai nuna masa wannan ta nuna masa wancan da sauri, ta yadda dubban taurari za su tsaya cik, mai tafiya kuwa ya yi ta tsalle kamar ƙuma. A ranar 18 ga Fabrairu 1930, yana gwama hotunan 23 da 29 ga Janairu, ya ga ɗigon da aka raɗa wa suna Fuluto. Ya ci gaba da nema shekara goma sha uku, bai sami na biyunsa ba.

Wani masani kuwa, Kenneth Edgeworth, ya yi hasashe a 1943 cewa bayan Naftun akwai tarin ƙananan curarrun ƙanƙara, amma hasashe ba hujja ba ne, kuma galibin masana ba su ga dalilin ɓata dare a kansa ba. David Jewitt da Jane Luu suka fara nema a 1987, suka shekara biyar hannu wofi, har ranar 30 ga Agusta 1992, lokacin da madubinsu na tsaunin Mauna Kea a Hawai, wanda aka ɗaura wa kyamarar lantarki maimakon faifan gilashi, ya kamo wani ɗigo mai dishi-dishi da nisansa daga Rana ya ninka namu fiye da sau arba'in. Yau ana kiransa Albion, kuma an ƙidaya dubban irinsa.

Abin da ya fi ban mamaki, a ganina, shi ne labarin Eris, wani curi na bayan Naftun. An ɗauki hotonsa a ɗakin duban taurari na Palomar tun Oktoba 2003, amma saboda tsananin nisa tafiyarsa ta yi sanyin da kwamfuta ta zubar da shi cikin marasa motsi, sai a Janairu 2005 da Mike Brown da abokan aikinsa suka sake bin tsofaffin hotuna suka tsamo shi. Da aka ga ya kusa kai Fuluto girma, ko ma ya fi shi, sai masana suka taru a Firag a Agusta 2006, suka kaɗa ƙuri'a, suka sauke Fuluto daga sahun manyan sayyarai.