Daga Gaskiya Ta Fi Kwabo zuwa wayar hannu: abin da tarihin Zariya ke faɗa mana kan koya wa yara kwamfuta

A watan Satumban 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar makarantu. Cikin darussan da aka jera wa 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare akwai na sanin makamar na'urorin zamani, wato kwamfuta da waya da intanet. In kana da ɗa ko ƙani a wata firamare a Jama'a ko Samaru ko Bomo, wataƙila ka ji labarin ka ce madalla. Wataƙila kuma ka ce, "To, da wace wutar?" Duka biyun kana da hujja. Amma kafin mu yanke hukunci bari mu waiwaya, don ba yau ne karon farko da sabuwar hanyar karatu ta shigo Zariya ba.

Lokacin da boko ne sabuwar fasaha

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kuma a gefen tasharsa Sabon Gari ya tashi, da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa. Da ma can mutanen Zazzau suna da karatunsu na allo da na littattafai, suna kuma rubuta wasiƙa da ajami. Sai dai aikin ofis da na tasha da baƙaƙen boko ake yin sa. Ka ga kenan boko a lokacin shi ne kwamfutar yau: wanda ya iya ya samu aiki, iyaye da yawa kuma suna ɗari-ɗari da shi, suna tsoron abin da zai cusa wa 'ya'yansu.

Da aka fara buɗe makarantun elementare sai wata matsala ta taso. Yaro ya iya haɗa baƙi, to me zai karanta? A Zariya aka nemo amsar. Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. A shekarun ne kuma aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don kada mai karatu ya rikita baki da baƙi. Wato baƙon rubutun ne aka gyara ya dace da bakin Bahaushe.

A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta zai ba ka mamaki. Ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu, jita-jita ta cika gari cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus ta Hitila. Turawan mulki suna da tasu manufar, ba shakka, amma sunan jaridar kansa darasi ne ga mai karatu: ba duk abin da ka ji a kasuwa ne gaskiya ba. Daga baya, a shekarun 1950, aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci. Hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Bazazzaga ta Zariya da Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina, ana kuma koyar da manya a azuzuwan yamma.

Lura da abubuwa uku da suka haɗu a nan. Akwai malami. Akwai abin karantawa da harshen da mai koyo yake mafarki da shi. Akwai kuma ƙoƙarin nuna masa yadda zai tace labari. Riƙe su, za mu dawo kansu.

Kwamfuta ta zo Samaru, amma tana cikin shinge

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962. Cibiyar kwamfutarta tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Kwamfutocin wancan zamani ɗaki guda suke cinyewa, sai da na'urar sanyaya ɗaki, kuma da kati mai huji-huji ake ba su umarni. Ka rubuta aikinka, a huda katunan, ka miƙa, ka dawo daga baya ka karɓi sakamako. Kayan masu bincike ne. Yaron da ke firamare a tsallaken titi ko labarinsu ba lallai ya ji ba.

Abin da ya shafi wannan yaron shi ne shirin UPE na ilimin firamare kyauta da aka fara a 1976. Yara suka yi ta tururuwa, malamai suka yi kaɗan, har aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a shekarar don cike giɓin. A 1988 aka fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, amma yawancin na'urorin a kwalejojin Gwamnatin Tarayya suka tsaya.

Shekarar 2001 ce ta sauya lissafi. A cikinta aka kafa hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa, kuma a watan Agusta layukan GSM suka fara aiki. Shagunan intanet, da ake kira kafe, suka bazu a Samaru da Sabon Gari. Kana biyan kuɗin awa, janareto na ruri, kana jiran shafi ɗaya ya buɗe. A nan matasa da yawa suka fara taɓa kwamfuta, don duba sakamakon jarrabawa ko buɗe imel. Ba a makaranta suka koya ba, mai shago ne malaminsu.

Wajen 2007 hukumar tsara manhaja ta NERDC ta saka darasin kwamfuta cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara. A takarda an ci gaba. A aji kuwa, makarantu da yawa abin da suka iya shi ne malam ya zana kwamfuta da alli a allo, yara su haddace sunayen sassanta su rubuta a jarrabawa. Tsadar wannan ta fito fili a 2015, lokacin da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Ɗalibin da ya san amsa amma bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, sai ya ɓata mintocinsa yana kokawa da na'ura.

Kowane yaro da kwamfutarsa

Za ka iya cewa ai maganin a fili yake, a raba wa yara kwamfuta a huta. An gwada. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin OLPC, wanda burinsa shi ne kowane yaro a ƙasashe masu tasowa ya mallaki ƙaramar kwamfuta ta dala 100. Najeriya na cikin ƙasashen farko da aka yi gwajin, a firamaren Galadima da ke Abuja, a 2007. Yara sun yi murna, sun kuma kama aiki da ita cikin sauri. To amma a watan Yulin shekarar Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ruwaito cewa an samu hotunan batsa a wasu daga cikin kwamfutocin. Sai bayan nan aka yi maganar saka manhajar tacewa. An ba yara ƙofar shiga duniya, ba a gaya musu abin da za su tarar a ciki ba.

Ƙasar Peru ta sayi irin waɗannan kwamfutoci dubu ɗaruruwa. A 2012 masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a makarantun karkara fiye da 300. Sun kwatanta makarantun da aka ba kwamfuta da waɗanda ba a ba ba, kuma ta ƙuri'a aka zaɓe su, don kada a ce masu ƙoƙari aka tsinta. Yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ɗaga ba. Dalili ɗaya babba shi ne koyarwar ajin ba ta sauya ba. Malamin da ba a horar da shi sosai ba zai ci gaba da abin da ya saba, ko da kwamfuta a kan benci.

Wayar ta riga makaranta isa gida

Yayin da ake ta wannan muhawara, intanet ta shigo gidaje ta aljihun iyaye. Ka tuna daren gishiri? A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aka yi ta tashin 'yan uwa da tsakar dare. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Manya ne suka yaɗa wannan, kuma da kyakkyawar niyya. Jita-jitar 1939 sai ta bi kasuwa-kasuwa kafin ta kai wani gari. Ta 2014 dare ɗaya ya ishe ta.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da yadda manhajoji irin su TikTok da YouTube da Facebook suke aiki. Suna auna daƙiƙa nawa ka tsaya a kan bidiyo, me ka maimaita, me ka tura wa wani, sai su ƙaro maka irinsa. Lissafin bai san gaskiya da ƙarya ba, abin da ya riƙe ido kawai ya sani. Abin tsoro da abin fushi kuwa sun fi riƙe ido. Yaron aji biyar da ya ari wayar mamansa da wannan lissafin yake hulɗa.

Kamfanonin sun ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi. Wannan adadi daga wata dokar Amurka ta 1998 ya samo asali, wadda ta hana tattara bayanan yara 'yan ƙasa da haka ba da izinin iyaye ba. Mu ma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo za a yi amfani da bayanan yaro. Amma doka ba ta zama kusa da yaro lokacin da baƙo ya turo masa saƙo yana neman hotonsa, ko lambar sirrin katin babansa.

Korona ta ƙara tona asirin giɓin. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, a Jihar Kaduna rediyo da talabijin aka koma don darussa, saboda su ne suka fi isa gidaje. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai darussa kyauta, har da na Hausa. Abu ne mai amfani, amma sai da waya da data da wanda zai zauna da yaron.

Mu koma kan abubuwan nan uku

Na farko malami. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka yanka ba. Ƙungiyar malamai ta yi watsi da tsarin, aka yi ta taƙaddama. Ko wane ɓangare ka goya wa baya, abu ɗaya ya fito: sabon darasi ba zai wuce iyakar horon da aka ba mai koyar da shi ba. Samaru kuwa tana da gatan da garuruwa da yawa ba su da shi, don ga jami'a a ƙofar gida, cike da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na koyarwa.

Na biyu harshe. A Nuwamban 2022 aka amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma aka janye aka koma Turanci. Ko da wane harshe aka rubuta jarrabawa, gargaɗin da zai tsare yaro sai da harshen da ya fi ji. "Kada ka ba kowa lambar sirri, ko da ya ce daga banki yake" ya fi shiga kunne da kowace ma'anar da aka haddace.

Na uku tarbiyya, kuma wannan ba ya jiran wuta ko janareto. Malami da alli kawai zai iya rubuta saƙon gishiri a allo ya tambayi aji: wa ya faɗa? Ina ya ji? Wa za mu tambaya mu tabbatar? Zai iya nuna musu cewa hoton da aka tura ya fita hannu ke nan, magana ce zarar bunu. Zai iya gaya musu cewa zagi a guruf zagi ne, wanda aka yi wa yana jin zafinsa kamar a filin makaranta. Da ma muna koya wa yaro ya yi sallama kafin ya shiga gidan mutane, kada ya bi baƙo, kada ya ɗauki maganar wani ya kai wa wani. Ladubban ne dai, wuri ne ya sauya.

Saboda haka in an kira taron iyaye da malamai a makarantar unguwarku, ka je. Tambayar "kwamfuta nawa aka kawo?" tana da kyau, amma ka haɗa da waɗannan: wane malami aka horar, kuma kwana nawa? Da wane harshe za a yi wa yaran bayani? In yaro ya ga abin da ya tsorata shi a waya, wa zai gaya wa ba tare da an doke shi ba? Ta ƙarshen nan, kai ma ka amsa ta a gidanka, don yaron da ya san duka zai sha ba zai faɗa ba.