Maigida A Bakin Murhu: Tarihin Wani Tsohon Fim Na Ƙasar Denmak

Ina yaro na taɓa ganin wani abu da ya ba ni dariya, wanda sai da na girma na gane nauyinsa. Mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, ga shi babu wata babbar mace a gidan, sai mahaifinmu ya tsuguna a bakin murhu zai dama mana koko. Hayaƙi ya cika masa ido, koko ya yi gudaji, mu kuwa muna laɓe bayan rumbu muna ta ƙyaƙyatawa. Wannan ne ya faɗo mini a rai ran da na kalli wani tsohon fim na ban dariya da aka yi a ƙasar Denmak cikin 1925, shi ya sa na ga ya kyautu in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu tarihinsa.

Sunan fim ɗin da harshensu Du skal ære din hustru, watau "Ka Girmama Matarka". Wanda ya shirya shi Carl Theodor Dreyer ne, haifaffen birnin Kofenhagen, wanda ya rayu daga 1889 zuwa 1968. Ya ɗauko labarin daga wani wasan kwaikwayo na Svend Rindom. Fim ne na zamanin da majigi bai fara magana ba, sai dai a ga motsin mutane, can kuma a nuno rubutun abin da suka ce.

Ga yadda labarin yake. Wani magidanci ne mai suna Viktor, kasuwancinsa ya karye, sai ya juyo da haushinsa kan iyalinsa. Matarsa Ida ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ta hura wuta, ta shirya yara uku, ta haɗa masa karin kumallo, amma ba ta taɓa yin daidai a wurinsa ba. Akwai inda ya yi ƙorafi wai bota ta yi kaɗan a burodinsa, ta koma ta kankare ta nata burodin ta shafa a nasa, bai kuwa sani ba. Da dare ya yi, in kowa ya yi barci, takan zauna ɗinki don ta cike giɓin kuɗin cefane. Wanda ya karanta Uwar Gulma ba zai ga baƙon abu ga halin wannan miji ba.

Da abin ya kai ga lafiyar Ida, sai mahaifiyarta suka haɗa baki da wata tsohuwa mai suna Mads, wadda ita ta yi renon Viktor yana jariri. Aka ɗauke Ida aka kai ta inda za ta huta, Mads ta tare a gidan. To, nan fa ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Mutumin da ko takalminsa sai an kawo masa, ga shi yana ɗaukar kaya, yana ninke zannuwan gado, yana fama da jariri. Daɗa tsohuwa ba ta ƙyale shi ba sai da ta tsayar da shi a kusurwar ɗaki, daidai yadda yakan hori ɗansa. A ƙarshe ya gane kurensa, Ida ta dawo gidanta.

Abin da ya sa na kira wannan tarihi shi ne shekarar da aka yi fim ɗin. Denmak ba ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, 'yan kasuwarta kuwa sun sami kuɗi a lokacin yaƙin. Bayan an gama sai ciniki ya faɗi, har bankin kasuwanci mafi girma a ƙasar, Landmandsbanken, ya durƙushe cikin 1922, sai da gwamnati ta tallafe shi. Saboda haka masu kallon Viktor sun san irinsa a unguwanninsu: namijin da waje ya ƙi shi, ya dawo gida yana sarauta a kan mace da yara.

Ta wajen mata kuma al'amura suna ta sakewa. Cikin 1880 aka ba matar aure iko da kuɗin da ta samu da guminta. Cikin 1915 aka ba mata damar jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa. Cikin 1924 aka naɗa Nina Bang ministar ilmi. Sa'an nan cikin 1925, watau shekarar fim ɗin nan, aka kafa sabuwar dokar aure wadda ta ɗora wa miji da mata duka biyu nauyin riƙon gida, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ta kuma lasafta aikin cikin gida a kan gudummawa, kamar yadda ake lasafta kuɗi. Suwidin ta riga ta yi irin wannan doka cikin 1920, Norwe ta biyo baya cikin 1927.

A nan ne, a ganina, darajar fim ɗin take. Abin da doka ta rubuta a takarda, shi Dreyer ya sa mutane suka gani da idonsu. An daɗe ana wasannin da ake sa namiji aikin mata don a yi masa dariya, a tashi a watse, kowa ya koma inda yake. Dreyer ya bi wata hanya dabam. Kafin ya bari a yi dariya ko sau ɗaya, sai da ya zaunar da mai kallo ya bi Ida aiki bayan aiki, tun daga hura wuta har zuwa shafa bota. Har gida sosai ya sa aka gina a wurin ɗaukar fim, da ruwan famfo da gas da lantarki masu aiki, don kada 'yan wasa su yi aikin ƙarya. Saboda haka in Viktor ya kasa, mai kallo ya riga ya san yawan abin da ya kasa ɗin, da kuma wadda ta daɗe tana yinsa ba godiya.

Har wa yau akwai abin lura a rayuwar shi Dreyer. Mahaifiyarsa 'yar Suwidin ce mai aikatau a gidan wani manomi. Ta haife shi ba aure, aka ba da shi riƙo, ta rasu yana ɗan ƙarami. Mafi yawan finafinansa kuwa a kan wahalar mata suke. Wannan fim ya karɓu ƙwarai a Faransa, shi ya sa aka gayyace shi can, ya yi fim ɗinsa na Jeanne d'Arc cikin 1928, wanda ya fi dukansu suna.

Amma fa kada mai karatu ya zaci fim ɗin ya rushe tsarin gida ne. Da Ida ta dawo, murhunta ta koma, surukar Viktor kuma ta ba shi jarin sake kasuwanci. Abin da ya sake kawai shi ne yanzu ya san kuɗin burodin da yake ci, da wadda take biya. Wasu za su ce wannan ya yi kaɗan, ni ma ban musa ba. Sai dai in na tuna kokon nan mai gudaji, nakan ga cewa mu yaran da muka yi dariya ba wanda ya taɓa tambaya yadda aka yi shekara da shekaru muna shan koko sumul kowace safiya. Ban yi wannan tambaya ba sai da wani mutumin Kofenhagen ya tuna mini. Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, amin.