Ise: Wurin bautar Shinto da abincin matafiya

A kowace shekara miliyoyin mutane ne ke zuwa birnin Ise da ke lardin Mie a ƙasar Japan, domin ziyartar wurin bautar da mabiya addinin Shinto suka fi girmamawa.

Wasu na zuwa cikin ayari, wasu kuma su kaɗai. Kusan kowa daga cikinsu dai yakan kammala ziyarar ne a shagunan abincin da ke bakin wurin bautar, waɗanda tarihinsu ke haɗe da na ziyarar.

Mene ne Shinto?

Shinto shi ne addinin gargajiya na mutanen Japan. Ba shi da wani mutum guda da ya kafa shi, kuma ba shi da littafi ɗaya da aka wajabta wa kowa bi.

Mabiyansa suna girmama abubuwan da suke kira kami, waɗanda suka yi imanin suna da alaƙa da rana da duwatsu da koguna da itatuwa da kuma kakannin da suka shuɗe.

Akwai wuraren bautar Shinto kusan dubu 80 a ƙasar, kuma akasarinsu suna ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Jinja Honcho, wadda aka kafa a shekarar 1946. Ƙungiyar tana ɗaukar Ise a matsayin wurin da ya fi kowanne daraja.

Japanawa da yawa suna haɗa al'adun Shinto da na addinin Buddha, inda sukan kai jarirai wuraren Shinto, amma su yi jana'iza bisa tsarin Buddha.

Wurare biyu, ziyara ɗaya

Abin da ake kira Ise Jingu tarin wuraren bauta ne guda 125, manya da ƙanana. Biyu daga ciki su ne kan gaba, kuma akwai tazarar 'yan kilomitoci a tsakaninsu.

Na farko shi ne Naiku, wanda aka keɓe wa Amaterasu, wadda a tatsuniyoyin Japan ake alaƙanta ta da rana, ake kuma cewa daga gare ta zuriyar sarakunan ƙasar ta fito. A nan ne aka ce ana ajiye wani madubi mai tsarki a wurinsu, ɗaya daga cikin kayan sarauta uku na Japan, wanda ba a nuna wa jama'a.

Na biyu shi ne Geku, wanda aka keɓe wa Toyouke, wadda ake dangantawa da abinci da sutura da muhalli. Bisa al'ada, mai ziyara yakan fara da Geku kafin ya wuce Naiku.

A Geku, limaman Shinto suna gabatar da abinci sau biyu a kowace rana, safe da yamma, al'adar da masu kula da wurin suka ce ta shafe kimanin shekaru 1,500 ana yin ta.

Abincin ya ƙunshi shinkafa da gishiri da ruwa da kifi da ganyen teku da kayan lambu da 'ya'yan itace da kuma giyar shinkafa. Wutar girkin ma ba da ashana ake kunna ta ba, ana murza itace ne a kan itace har sai ya kama.

Wurin bautar yana da gonakinsa na shinkafa, kuma a gabar tekun Futami ake dafa gishirin da ake amfani da shi.

Tsohon wuri, sabon gini

Duk da cewa Ise daɗaɗɗen wuri ne, gine-ginensa ba sa tsufa, saboda a duk bayan shekaru 20 akan gina sababbi a filin da ke gefen na da, da katakon itacen hinoki da rufin jinka, sannan a kwance tsofaffin.

An fara wannan al'ada ne a shekarar 690, zamanin Sarauniya Jito. Yaƙe-yaƙen basasa sun katse ta na fiye da shekaru 120 a ƙarni na 15 da na 16, haka kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu an jinkirta sabuntawar 1949 zuwa 1953.

An yi karo na 62 a shekarar 2013, lokacin da sama da mutane miliyan 14 suka ziyarci wurin. Ana sa ran yin na 63 a 2033, kuma tun a 2025 aka soma bukukuwan share fage.

Aikin yana cin dubban itatuwa da kuɗi masu yawa, kuma yana buƙatar kafintoci da masaƙa da maƙeran da suka san aikin hannu irin na da. Wata hikimar da ake gani a wa'adin shekaru 20 ita ce, yana ba dattawan masu sana'a damar koya wa matasa kafin ƙarfinsu ya ƙare.

Ƙarancin manyan itatuwa ya sa tun a shekarun 1920 aka fara dashen hinoki a dajin wurin bautar, bisa wani shiri na shekaru 200.

Matafiyan da suka sulale

A zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, hukumomi sun takura wa talakawa wajen yin tafiye-tafiye, amma sukan sassauta idan ziyarar ibada ce.

Tafiya a ƙasa daga birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo, zuwa Ise takan ɗauki kimanin mako biyu, ga kuma tsada. Saboda haka mutanen ƙauyuka suka riƙa kafa ƙungiyoyi masu kama da adashi, inda kowa zai zuba kuɗi, sai a yi ƙuri'a a fitar da waɗanda za su je a madadin sauran.

Akwai kuma waɗanda ba su da wannan gata, kamar barori da 'yan koyon sana'a da mata da yara. Irin waɗannan sukan sulale ne ba tare da izinin iyaye ko iyayengijinsu ba, galibi ba guzuri, tafiyar da ake kira nuke-mairi.

Alamarsu ita ce ludayin katako da suke riƙewa. Duk wanda ya ga ludayin ya san mai shi Ise ya nufa, sai a zuba masa shinkafa ko a jefa masa 'yan kuɗi, wasu masu hali kuma su ba shi wurin kwana ko takalman ciyawa.

Al'ada ta tanadi cewa idan irin wannan matafiyi ya koma gida da shaidar ya isa wurin bautar, ba a tsananta masa hukunci.

A wasu shekaru, kamar 1705 da 1771 da 1830, tafiyar ta zama ta gayya. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a 1830 sama da mutane miliyan huɗu ne suka je Ise cikin 'yan watanni, a lokacin da al'ummar Japan ba ta wuce kimanin miliyan 30 ba.

Akwai ma labaran karnukan da masu su suka aika a madadinsu, ɗauke da kuɗin guzuri a wuya, matafiya na ciyar da su daga zango zuwa zango.

Abincin bakin hanya

Ciyar da wannan ɗimbin jama'a shi ne ya haifar da kasuwar Oharai-machi, wani titi mai tsawon kimanin mita 800 da ke kaiwa ga gadar Uji, mashigar Naiku.

Abincin da ya fi shahara a nan shi ne Ise udon, wata taliya mai kauri da ake dafawa har ta yi laushi sosai, a zuba mata ɗan baƙin romon waken suya da yankakken ganyen albasa.

Bayanin da mutanen garin suka saba bayarwa shi ne, taliyar tana kan wuta a kowane lokaci domin kada baƙo ya jira, kuma laushinta ya dace da cikin wanda ya sha doguwar tafiya.

Sai kuma Akafuku, wani dunƙulen dakakkiyar shinkafa mai danƙo da ake lulluɓewa da markaɗaɗɗen jan wake mai zaƙi. Gidan da ke yin sa ya ce an kafa shi ne a 1707, kuma babban shagonsa yana buɗewa da ƙarfe biyar na asuba saboda masu sammakon ziyara.

Layukan da ake zanawa da yatsu a saman waken suna wakiltar gudun ruwan kogin Isuzu, farar shinkafar kuwa tsakuwar da ke ƙasan kogin.

Akwai kuma tekone-zushi, wato yankakken ɗanyen kifi da aka jiƙa a romon waken suya aka ɗora a kan shinkafa, abincin da ake dangantawa da masuntan yankin Shima.

A shekarar 1993 kamfanin Akafuku ya buɗe unguwar Okage Yokocho a tsakiyar titin, da gine-gine irin na da, domin farfaɗo da kasuwar bayan ta ja baya, lokacin da masu zuwa a manyan motoci suka riƙa wucewa ba tare da sun tsaya ba.

Ziyara a yau

Daga birnin Nagoya, jirgin ƙasa yana isa Ise cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi. Masu sha'awar tafiya a ƙasa kuwa sukan bi tsohuwar hanyar Iseji zuwa wuraren bautar Kumano, wani ɓangare na hanyoyin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2004.

Shiga harabar kyauta ne, kuma ba a tambayar addinin baƙo. Mabiya sukan wanke hannu da baki, su rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, sannan su sake rusunawa. Baƙon da kallo ya kawo shi ba a tilasta masa yin haka.

Shingaye ne suka kewaye babban ɗakin bautar, don haka kusan rufinsa kaɗai jama'a ke hangowa, kuma an hana ɗaukar hoto a gabansa.

Ga matafiyi Musulmi, abin lura shi ne akan sanya giyar shinkafa, sake ko mirin, a cikin romon abincin Japan da dama, har da wanda ba shi da nama. Don haka yana da kyau a tambayi mai shago kafin a ci.

Addini da siyasa

Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa 1945, gwamnatin Japan ta mayar da Shinto wani ginshiƙin mulki, tare da ɗaukaka matsayin Sarki. A 1871 ma ta soke aikin limaman da suka daɗe suna yi wa baƙin Ise masauki.

A watan Disambar 1945, hukumomin mamaya ƙarƙashin jagorancin Amurka suka raba Shinto da gwamnati. Tun daga lokacin, da gudummawar jama'a da ta gidan sarauta ake ɗaukar nauyin sabunta gine-ginen.

Sai dai alaƙar ba ta yanke baki ɗaya ba. Firaministocin Japan sun saba kai ziyara Ise a farkon shekara, kuma a 2016 Shinzo Abe ya tarbi shugabannin ƙasashen G7 a wurin, lamarin da masu suka ke ganin ya saɓa wa manufar tsarin mulkin ƙasar ta raba addini da gwamnati.

A 2017 ne Sayako Kuroda, 'yar Sarki Akihito, ta zama babbar mai jagorantar bukukuwan wurin, muƙamin da matan zuriyar gidan sarauta ke riƙewa tun bayan yaƙin.