Jester King Brewery

Jester King Brewery ƙaramin kamfanin yin giya ne da ke yammacin birnin Austin, babban birnin jihar Texas ta ƙasar Amurka. Wasu 'yan'uwa biyu, Jeffrey Stuffings da Michael Steffing, su ne suka kafa shi a shekarar 2010, a kan hanyar Fitzhugh, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar birnin, a yankin tuddai da duwatsun farar ƙasa da ake kira Hill Country. An san kamfanin da nau'in giyar da ake kira giyar gidan gona, da kuma mashayarsa da ke cikin gonar kanta, inda matafiya daga wasu jihohi da ƙasashe ke yada zango. Ya kuma yi suna saboda ƙarar da ya shigar da hukumar kula da barasa ta jihar Texas a 2011. Kalmar jester a Turanci tana nufin wawan sarki, wato sunan kamfanin yana nuni ne ga wawan da ya hau gadon sarauta.

Asalin giyar gidan gona

Giyar gidan gona ba nau'i guda ba ce. Suna ne da ya tattara giyoyin da manoman Turai kan dafa a gidajensu da hatsin da suka noma. Wadda ta fi shahara ita ce saison ta yankin Waloniya a kudancin Beljiyam, musamman lardin Hainaut. Kalmar a Faransanci tana nufin lokaci na shekara. Labarin da aka fi bayarwa shi ne ana dafa ta a lokacin sanyi, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, a ajiye ta har bazara domin 'yan ƙwadagon da ke zuwa girbi. Tun da ma'aikata ne za su sha su koma bakin aiki, ba ta cika ƙarfi ba. Saison ta zamani, irin wadda kamfanin Dupont na ƙauyen Tourpes ke sayarwa, ta fi ta dā ƙarfi nesa. A arewacin Faransa akwai 'yar'uwarta bière de garde, a Finlan kuma akwai sahti.

A Amurka sunan ya zama abin talla, har kamfanonin da ke tsakiyar birni, waɗanda ba su da ko taƙin gona, suna liƙa shi a kwalabensu. Matsayin Jester King shi ne cewa abin da ke sa giya ta cancanci sunan shi ne alaƙarta da wurin da aka yi ta: ruwan wurin, hatsinsa, yanayinsa da ƙananan halittun da ke cikin iskarsa. Kusan duk abin da kamfanin ya yi daga baya a kan wannan ra'ayi ya ginu.

Tarihi

Stuffings lauya ne kafin ya bar aikin ya rungumi dafa giya. Daga farko kamfanin ya fitar da giyoyi irin na Ingila da Amurka, kamar Commercial Suicide da Wytchmaker da Black Metal, ta amfani da yisti na Ingila. Ba a jima ba ya koma ga yistin gidan gona, daga nan kuma ya fara cakuɗa shi da yistin daji da bakteriyar da aka kamo a cikin gonar. Ron Extract, wanda ya taɓa aiki da kamfanin shigo da giya na Shelton Brothers, yana cikin abokan haɗin gwiwa na farko, kafin ya koma jihar Washington ya buɗe Garden Path Fermentation. Garrett Crowell da Averie Swanson sun riƙe muƙamin babban mai dafa giya ɗaya bayan ɗaya.

A 2016 kamfanin ya sayi eka 58 na filin da ke kewaye da shi, a 2018 ya ƙara eka 107, jimilla eka 165, wato kimanin hekta 67. Dalilin sayen bai tsaya ga noma ba. Austin na cikin biranen Amurka da suka fi saurin faɗaɗa, gidaje na ta cinye dajin da ke yammacinsa, kuma kamfanin da ya dogara da yistin daji ba zai so a wayi gari rukunin gidaje sun kewaye shi ba.

Yadda ake yin giyar

Ana dafa giya ne da tsiron sha'ir, wani lokaci a haɗa da alkama ko wani hatsi. Ana jiƙa niƙaƙƙen tsiron a ruwan zafi har sitacinsa ya koma sukari, a tace ruwan, a tafasa shi da furen hops mai ɗaci, a bar shi ya huce, sannan yisti ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa da iskar da ke kawo kumfa. Manyan kamfanoni suna amfani da irin yisti guda tak wanda aka raina a ɗakin gwaji, domin kwalbar bana ta zama daidai da ta bara. Jester King ya bi akasin haka. Ruwansa na rijiyar gonar ne, mai nauyin ma'adinai saboda duwatsun da yake ratsawa. Yistinsa gauraye ne: akwai na masu dafa giya, akwai na daji irin su Brettanomyces, akwai kuma bakteriyar da ke kawo tsami, dangin wadda ke mayar da madara kindirmo. Waɗannan halittu suna cinye kusan dukan sukarin, shi ya sa giyar ba ta da zaƙi, tana da ɗan tsami, kuma ɗanɗanonta kan sauya daga dahuwa zuwa dahuwa gwargwadon zafi ko sanyin lokacin. Aikin na cin watanni, wani lokaci shekaru, a cikin gangunan katakon oak, kuma gangar da ta lalace zubar da ita ake yi.

Ba a tace giyar, ba a kuma dumama ta don kashe ƙwayoyin da ke cikinta. Kumfarta a cikin kwalba take samuwa, domin yistin na ci gaba da aiki bayan an toshe bakin. A 2015 kamfanin ya fara zuba wasu giyoyinsa a koren kwalba, abin da yawancin masu sana'ar ke gudu, saboda haske na ratsa koren gilashi ya sauya warin hops. Hujjarsa ita ce wannan warin na cikin abin da aka san tsofaffin saison na Beljiyam da shi. Masu sha sun rabu biyu a kan lamarin.

Daga cikin giyoyin da aka fi saninsa da su akwai Le Petit Prince, mai ƙarfin barasa kashi 2.9 cikin ɗari kacal, wadda ta fi kusa da abin da manoman dā ke sha, da Atrial Rubicite, wadda aka fara fitarwa a 2013, ana sake tsima ta da jajayen 'ya'yan itacen rasberi. Daga 2020 kamfanin ya ƙara da giyoyin gwangwani na yisti guda, waɗanda ba su ɗaukar dogon lokaci.

SPON da rikicin suna

A watan Fabrairun 2013 kamfanin ya gwada hanyar da ta fi kowace wuya, wadda ba a zuba yisti ko kaɗan. Ana juye tafasasshen ruwan hatsin a wani faffaɗan komi marar zurfi kuma marar murfi, wanda a Beljiyam ake kira koelschip, a bar shi ya kwana a buɗe cikin sanyin dare. Yistin da ke cikin iska da jikin ginin shi ke faɗawa ciki. Da safe a ɗura a ganguna a jira. Haka ake yin giyar lambic a kwarin kogin Senne da yankin Pajottenland kusa da birnin Brussels, kuma mutane da yawa sun ɗauka abin ba zai yiwu a wuri mai zafi kamar Texas ba. A darare masu sanyi na hunturu kaɗai ake iya yinsa, domin idan dare ya yi ɗumi ƙwayoyin da ba a so ne ke rinjaye.

A watan Nuwamban 2016 aka fitar da sakamakon da sunan SPON, gaurayen giyar shekara ɗaya da ta biyu da ta uku, kamar yadda ake haɗa gueuze a Beljiyam. A jikin kwalbar an rubuta Méthode Gueuze, ma'ana an bi hanyar yin gueuze. Ƙungiyar HORAL, wadda ta haɗa masu yin lambic na gargajiya tun 1997, ba ta amince ba. A ganinta kalmar ta yankinsu ce da tarihinsu, kuma idan kowa ya ara, darajarta za ta zube. Bayan tattaunawa, a 2017 aka sauya lafazin zuwa Méthode Traditionnelle, aka kuma rubuta ƙa'idojin da duk mai son amfani da shi zai bi. Abin lura a nan shi ne kamfanin da ke cewa giya ta wurinta ce ba shi da bakin musa wa 'yan Beljiyam irin wannan hujja.

Shari'a da hukumar barasa ta Texas

Lokacin da aka buɗe kamfanin, dokar Texas ta raba giya gida biyu bisa ƙarfinta kawai. Wadda barasarta ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari na nauyi ba, wato kusan kashi 5 na yawan ruwa, dole a rubuta mata beer, wadda ta wuce kuma a rubuta ale ko malt liquor. A wurin masu sana'ar kuwa waɗannan kalmomi ba ƙarfi suke nunawa ba: beer suna ne na giya gaba ɗaya, ale kuma nau'i ne da ya danganta da irin yistin. Dokar na tilasta wa kamfani ya rubuta abin da ya san ba daidai ba ne. Ta kuma hana kamfani ya gaya wa jama'a shagunan da ake sayar da kayansa, ko ya ambaci ƙarfin giyarsa a talla.

Jester King ya haɗu da kamfanin rarraba kaya na Authentic Beverages da wani gidan abinci na Austin mai suna Zax suka kai hukumar gaban kotun tarayya. A watan Disambar 2011 alƙali Sam Sparks ya yanke cewa waɗannan ƙa'idoji sun saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki da ke cikin kundin tsarin mulkin Amurka. Amma bai ba su gaskiya a ɗaya ɓangaren ƙarar ba, wanda ya shafi hana kamfani sayar wa mai sha kai tsaye. Wannan hani ya samo asali ne daga tsarin da jihohin Amurka suka ɗauka bayan ɗage haramcin barasa a 1933, inda aka raba mai yi da dillali da mai shago, kowa da lasisinsa.

Saboda haka a shekarun farko baƙo ba ya iya sayen giya a harabar kamfanin, sai dai ya biya kuɗin zagaye a ba shi ɗanɗano. A 2013 majalisar dokokin jihar ta sassauta, gwamna Rick Perry ya sa hannu. Jester King ya koma lasisin da ke ba shi damar sayarwa a sha a wurin da kuma sayar da kwalabe a tafi da su, bisa sharaɗin kada ya wuce ganga 10,000 a shekara, kowace ganga kimanin lita 117. Sauran kamfanonin da ba su da irin wannan lasisi sai a watan Satumbar 2019 suka samu izinin sayar da giyar tafi-da-gidanka. Ga ƙaramin kamfanin da giyarsa ke shekara a ganga kafin ta kawo kuɗi, sayarwa ba tare da kason dillali ba babban abu ne, kuma mashayar da ake gani yau daga wannan sauyin doka ta samu.

A watan Mayun 2017, da babban kamfanin AB InBev ya sayi Wicked Weed na jihar North Carolina, Jester King ya sanar cewa ya daina sayar da giyarsa, duk da abotar da ke tsakaninsu. Dalilin da ya bayar shi ne manyan kamfanoni na amfani da ƙarfinsu wajen goyon bayan dokokin da ke takura wa ƙanana.

Ziyara

Mashayar galibinta a fili take, da dogayen tebura a ƙarƙashin itatuwan oak da kuma wata rumfa mai faɗi. Baya ga giyar gidan, ana sayar da ta wasu ƙananan kamfanoni, da giyar inabi da ta tuffa, da abin sha marar barasa. Akwai ɗakin girki da ke gasa fiza a tandun itace. A dā wani gidan abinci ne daban mai suna Stanley's Farmhouse Pizza, kamfanin ya karɓe shi a 2018. Ana zagayawa da baƙi su ga tukwanen dahuwa da ɗakin ganguna, akwai hanyar yawo a ƙafa cikin dajin gonar, da wurin kwana ga masu son su kwana. Wurin na cikin waɗanda suka sha karɓar bikin Zwanze, ranar da kamfanin Cantillon na Brussels ke fitar da wata giya ta musamman a zaɓaɓɓun mashayu a ƙasashe daban-daban lokaci guda.

A gonar ana shuka itatuwan marmari da inabi da kayan lambu, akwai kuma garken awaki da suka zama abin kallo ga yara. Irin da Amurkawa ke kira gajerun awakin Najeriya ne, waɗanda kakanninsu daga Afirka ta Yamma aka kai su, aka ci gaba da kiwonsu a can domin madara.

Ana barin iyalai su shiga da yara, amma dokar Amurka ta hana sayar da barasa ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma ana neman katin shaida. Wurin a bayan gari yake, sai da mota ake isa, kuma dokar Texas na hukunta direban da barasar jininsa ta kai kashi 0.08 cikin ɗari, don haka masu zuwa a ƙungiya kan ware mutum guda da ba zai sha ba ko su ɗauki motar haya. Zafin bazara a yankin yakan kai digiri 38 a ma'aunin Salsiyas, shi ya sa aka fi cika wurin a watannin Maris da Afrilu da kuma lokacin kaka. A ranakun da ake fitar da giyar da ake rububi, irin su Atrial Rubicite, akan ƙayyade yawan kwalaben da mutum ɗaya zai iya saye.