Kalangun da Ke Rataye a Nima

A ɗakin kawuna a Nima akwai kalangu rataye a ƙusa, fatarsa ta bushe, tsarkiyarsa ta saki. Da shi ya ci abinci shekara da shekaru, daga gidan suna a Maamobi zuwa gidan biki a Sabon Zongo. Da na ce, "Kawu, yaushe ka ajiye shi?" sai ya ce, "Yaro, ai ba rana ɗaya ba ce." Wannan amsa ce ta sa na bi sawun labarin.

Akra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, ta taɓa zama garin da ba ya barci saboda kiɗa. Ranar 6 ga Maris 1971 aka yi babban wasan Soul to Soul a dandalin Black Star, inda Wilson Pickett da Santana da Ike da Tina Turner suka zo daga Amurka. Matasan gari suka ga baƙi na haɗa jitar lantarki da gangunan da asalinsu Afirka ne, sai suka waiwayi na gida. A 1973 Nii Tei Ashitey ya kafa ƙungiyar Wulomei: jita, sarewar gora, gangunan kabilar Ga, mawaƙa sanye da fararen kaya. A shekarar ne kuma Hedzoleh Soundz suka fitar da faifai tare da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu.

Makaɗan zango ba su hau irin wannan dandamali ba, amma rijiya ɗaya suke sha da su. Kawu ya ce wadda duk ta fi liƙi a biki, in ka bincika, rumfa gare ta a Kasuwar Makola. In kasuwa ta ci, makaɗi ya ci.

A watan Agustan 1979 sojojin Rawlings suka rushe Makola, bisa zargin matan kasuwar da ɓoye kaya. Daga baya aka mai da filin wurin ajiye motoci. Sai juyin mulkin 31 ga Disamba 1981, wanda ya zo da dokar hana fita da dare ta fiye da shekara biyu. Mai sana'ar dare kuwa in an hana shi dare, an hana shi tuwo. Gidajen rawa suka rufe. Wasu makaɗa suka tafi Jamus da Ingila, wasu suka koma kiɗa a coci. Kafin a ɗage dokar, mai biki ya gane cewa yaro ɗaya da kaset da lasifika ya fi makaɗa bakwai araha.

Mu da muka tashi bayan haka, VIP muka sani, 'yan unguwarmu da suka sa Hausa a bakin matasan Ghana. Ina alfahari da su har gobe, sai dai kiɗan da ke ƙarƙashin muryarsu a na'ura ake haɗa shi.

Sai ga King Ayisoba daga arewacin ƙasar, riƙe da kologo, ƙwarya da tsirkiya biyu, ɗan'uwan gurminmu. A 2007 waƙarsa ta ci babbar kyauta a gasar mawaƙan Ghana. Nan na fahimci kunnen jama'a bai ƙi kiɗan hannu ba, hanyar kuɗin ce ta toshe.

Bara, a bikin ƙanwata, na dage sai an kira makaɗa ko na awa guda. Da ƙyar muka samu uku a Nima kaf, ƙaraminsu ya yi furfura. Kawu bai taɓa kalangu ba, amma na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Washegari ya aike ni neman fatar ɗan akuya, ya ce in taho da ɗana.