Asalin Igiyar Abin Sauraro da Filoginta

Duk wanda ya daɗe yana amfani da abin sauraro na kunne, wanda yaran zamani ke kira iyafis, ya san cewa igiyar ce ke riga lasifikar mutuwa, kuma galibi a wuya take tsinkewa, daidai inda ta haɗu da filogi, har mutum ya wayi gari kunne ɗaya na magana ɗaya ya yi gum, yana ta murza wuyan da yatsa ko Allah zai sa sauti ya dawo. Wannan illa ta girmi rediyo, balle kaset, domin tare aka haife ta da filogin kansa a ofisoshin tarho na ƙasar Amurka. Mutanen farko da suka yi fama da ita kuwa sun samar mata magani, wanda na baya suka yi watsi da shi saboda neman araha.

Bayan da Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasahar tarho a 1876, mas'alar da ta taso ita ce yadda za a sada kowane mai tarho da ɗan'uwansa ba tare da an ja waya daga kowane gida zuwa kowane gida ba. A watan Janairu na 1878 George Coy ya buɗe ofishin haɗa layi a garin New Haven da abokan ciniki 21, ya harhaɗa allonsa da kusoshin keken doki da mariƙan murfin butar shayi. Da jama'a suka yawaita, irin wannan allo ya gaza, sai injiniyoyi, musamman Charles Scribner na kamfanin Western Electric, suka daidaita al'amarin a kan rami da filogi: kowane layi yana da raminsa a jikin allo, mai aiki kuma yana riƙe da igiya mai filogi, ya soka a ramin wanda ake nema. Kaurin filogin rubu'in inci ne, wato milimita 6.35, daga bisani kuma aka kasa shi uku, kai da zobe da jiki, aka raba tsakaninsu da abin da wuta ba ta ratsawa. Kai da zobe su ke ɗauke da magana. Jiki kuwa na bincike ne, domin kafin ma'aikaciya ta soka filogi takan ɗan taɓa bakin ramin da kansa, in ta ji ƙas a kunnenta ta san layin yana da mai shi. Na ce ma'aikaciya ne saboda samarin da aka fara ɗauka sun cika wasa da rashin ladabi ga masu kira, har aka ɗauki Emma Nutt a Boston a watan Satumba na 1878, aikin kuma ya koma hannun mata.

To, igiyar da ake zarowa a mayar tun safe har dare, ga wani nauyi a ƙarƙashin tebur yana janye ta duk lokacin da aka sake ta, ba za ta yi ƙarko ba in tagulla ce guda mai kauri, tun da ɗabi'ar tagulla ce ta taurare in ana lanƙwasa ta a wuri ɗaya, har ta karye. Hikimar da aka yi ita ce a daddale tagullar ta zama siririn faifai, a nannaɗe ta a kan zaren auduga, a tara irin waɗannan zarurruka da yawa a saƙa musu riga, ta yadda zaren ke ɗaukar wahalar ja, tagullar kuma ta bi shi ta lanƙwasu ba tare da ta gaji da wuri ba. Duk da haka wuyan yakan ci, amma filogin na kwancewa ne, saboda haka ma'aikacin gyara sai ya yanke ɗan abin da ya lalace, ya mayar da filogin a sabon baki, igiya ta koma bakin aiki tana ɗan gajarta, har ranar da ta kasa kai wa ramukan sama.

Shi abin sauraron kansa ya bi hanyarsa daban. A 1910 Nathaniel Baldwin, mutumin jihar Utah, ya ƙera nasa a kan teburin ɗakin girki, sojan ruwan Amurka suka yi odar guda 100. Kamfanin Eugen Beyer na Jamus ya fito da DT 48 a 1937. A 1958 kuma John Koss na Milwaukee ya kawo wanda ke ba kowane kunne nasa sautin. Wannan bidi'a tana bukatar hanyoyi uku, hagu da dama da ta komawa wadda suka yi tarayya a kanta, sai ga tsohon filogin tarho da kashinsa uku kamar don ita aka yi shi. Ƙaramin rediyon aljihu ya jawo ƙanin wannan filogi mai milimita 3.5, wanda Walkman na kamfanin Sony, da ya fito a watan Yuli na 1979 da ramuka biyu don mutum biyu su saurara tare, ya yaɗa a duniya.

A nan ne gyara ya fara wuya, domin da aka koma yin miliyoyi sai aka daina filogin kwancewa, aka zuba masa roba ta daskare a kan igiya, aka kuma sirance wayoyin ciki har suka zama kamar gashi, kowane sili an shafe shi da fenti mai hana wuta wucewa. Mai gyaran rediyo da ya san aikinsa yakan yanke tsohon filogi da ɗan tsawon igiya, ya fara zura murfin sabon a jikinta, don in ya manta sai ya warware duk abin da ya liƙa. Sa'an nan ya fere riga, ya ware wayoyin, ja galibi na dama, kore ko shuɗi na hagu, mai launin tagulla ta komawa, ko da yake kamfanoni ba su yi ijma'i a kan launi ba, shi ya sa mai hankali ke gwadawa da mita. Darma ba ta kama fenti, sai ya tsoma bakin kowace waya a ɗigon narkakkiyar darmar da ke kan ƙarfen liƙi har fentin ya ƙone bakin ya yi fari. Ita darmar liƙin a al'ada kashi 60 cikin ɗari nata kuza ne, ma'adinin nan da aka daɗe ana haƙa a Jos, tana kuma narkewa ƙasa da digiri 200. Abu na ƙarshe, wanda masu gaggawa ke tsallakewa, shi ne matse rigar igiyar da harsunan ƙarfen gindin filogi, domin in ba haka ba liƙin ne zai ɗauki kowace fizga.

Zuwan wayar salula ya ƙara zobe na biyu saboda makirufo, nan kuma aka sami saɓani har mazhaba biyu: tsarin OMTP, wanda tsofaffin wayoyin Nokia suka bi, ya sa hanyar komawa a jiki, makirufo a zobe, tsarin CTIA, wanda Apple ya bi kuma ya rinjaya, ya juya su. Wanda ya haɗa iyafis na wannan da wayar wancan zai ji kiɗa amma muryar mawaƙi ta dushe, sai in ya danne maɓallin amsa kira.

Da yawa daga masu sana'ar sauti sun fi son igiyar da ake iya cirewa. Abin sauraron HD 25 na kamfanin Sennheiser, wanda ya fito a 1988, kusan kowane sashe nasa ana iya sauya shi, kuma daga irin wannan ne ma'abuta sha'awa suka koyi kitsa igiyoyinsu da hannu. Fa'idar yin haka a fili take ta fuskar tsawo da ƙarko da taushi. Amma da'awar da wasu 'yan kasuwa ke yi cewa igiyar azurfa mai tsadar gaske tana gyara muryar mawaƙi, a ganina hujjarta ba ta kai kuɗinta ba, tun da a tsawon mita ɗaya ko biyu bambancin azurfa da tagulla mai isasshen kauri bai kai abin da kunne zai kama ba.

A watan Satumba na 2016 Apple ya fitar da iPhone 7 babu ramin filogi, wasu kamfanoni suka bi sahu, sauraro ya koma ta Bluetooth, illar kuma ta tashi daga wuyan igiya ta koma kan batirin da aka manne a ciki, wanda ƙarfen liƙi ba ya yi wa magani cikin sauƙi. Ƙananan wayoyin da suka cika kasuwanninmu dai da yawansu suna nan da raminsu, kuma a cikin dalilan har da wannan: a galibinsu igiyar iyafis ce eriyar rediyon FM, in ba a soka ta ba tasha ba ta kamuwa.