Rayuwar al'adu a birnin Galway

Galway birni ne a yammacin ƙasar Ayilan, inda kogin Corrib ke zuba cikin teku. Mazaunansa ba su kai 100,000 ba, amma sunansa a fagen kiɗa da wasan kwaikwayo ya fi girmansa nesa ba kusa ba.

Kusancinsa da yankin Connemara, inda har yau ake magana da harshen Ayilan na gargajiya, ya taimaka wajen raya tsohon kiɗan ƙasar. Da yamma makaɗa kan taru a mashaya da goge da sarewa da ɗan gangan nan da ake kira bodhrán, su yi ta kiɗa ba tare da dandamali ba. Da rana kuwa titin Shop Street na masu kiɗan titi ne.

Wasan kwaikwayo ya fi komai kafuwa. Tun 1928 aka buɗe gidan wasan Taibhdhearc, wanda ke gabatar da wasanni da harshen Ayilan. A 1975 Garry Hynes da Marie Mullen da Mick Lally suka kafa ƙungiyar Druid, kuma a 1998 Hynes ta zama mace ta farko da ta lashe kyautar Tony ta ba da umarnin wasan kwaikwayo a Amurka. Ƙungiyar Macnas, wadda aka kafa a 1986, ta yi suna wajen jerin gwano da manya-manyan mutum-mutumi.

An fara bikin fasaha na birnin a 1978, kuma a watan Yuli aka saba yin sa. UNESCO ta ba Galway lambar Birnin Fim a 2014. An naɗa shi Babban Birnin Al'adun Turai na 2020, sai dai guguwa ta hana bikin buɗewa, annobar korona kuma ta dagula sauran shirye-shiryen.